Maiƙo a Leɓen Malam Maccido

"Buɗe jikkag ga in gani."

Lukman ya tsaya ƙafa ɗaya cikin zaure, ɗaya a waje, ko sallamarsa ba a amsa ba. Ya dubi Mashkura, ya dubi jakar kayan aikinsa da ke rataye a kafaɗa, ya yi 'yar dariya don ya zaci wasa take yi.

"Yau kuma 'yan sanda munka samu gidan Malam Maccido? Ran gimbiya shi daɗe, ko gaisuwa babu?"

"Ba wasa nika yi ba, Lukman. Buɗe!"

Ya daina dariya. Ya sauke jakar a kan dakali, ya zuge. Sifana, filogi, tsumma mai baƙin mai, sai ƙullin lemun zaƙi da ya saba kawo wa mahaifinta duk ranar da ya biyo ta Wurno. Ta sa hannu ta birkice kayan, har aljihun gefe ta lalube. Ba ta sami komai ba, amma hakan bai sanyaya mata zuciya ba.

"Mi kika biɗa, masoyiyata? Hwaɗa min in taya ki."

Ta kwance bakin mayafinta ta fito da hankicin Baba, ta miƙa masa kusa da hanci.

"Shinshina."

Ya shinshina. Ta zuba wa fuskarsa ido, ta ga yadda ya yi saurin kawar da kai.

"Man shanu na," in ji ta. "Man shanu, Lukman! Cikin gidan da nih hana ko cokali guda shi shigo. Wani na ba Baba abin da likita tah hana, kuma sai na gano ko wa na."

"To ni mi..."

"Ban ce kai na ba. Tukuna."

Wannan "tukuna" ta zauna tsakaninsu har ya tafi. Ranar hirar ba ta yi daɗi ba.

Malam Maccido manomin albasa da tafarnuwa ne a fadamar Wurno, mutum mai ƙarfi da son raha, wanda ake jin dariyarsa daga bakin layi. Bara, ana tsakiyar cirar albasa, ya yanke jiki ya faɗi a gona. Kafin a kai shi gida bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A asibiti a Sakkwato aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo ta.

Yayyen Mashkura maza duk suna kudu wajen fataucin albasa. Ita ce auta, ita ce kuma malamar firamare, don haka ita likitar ta ja gefe ranar da za a sallame su.

"Ƙafa da hannu za su iya dawowa da motsa jiki," in ji likitar. "Abin da na fi ji wa tsoro ƙwaƙwalwa ce. Wanda ya taɓa samun wannan ciwo, mantuwa da ruɗewa na iya biyo baya, musamman idan jinin ya ci gaba da hawa. Kada ya yi fashin magani. Sannan ki sa ido a kan tukunya. A rage gishiri da dunƙulen miya, a bar kitse da man shanu da lemun kwalba. A yawaita ganye, wake, kifi, gero da dawa, 'ya'yan itace."

Mashkura ta riƙe maganar kamar karatun allo. Tun daga ranar ta karɓe madafa daga hannun mahaifiyarta, Inna Asta. Ta kwashe gishirin gidan ta kulle a ɗakinta. Ta sayi na'urar awon jini, tana ɗaura wa Baba a damtse safe da yamma. Bikinta da Lukman, wanda aka sa bayan cirar albasa, ita da kanta ta ce a ɗaga sai Baba ya warke.

Inna ba ta yi musu ba. Bafulatana ce daga Kagara, mai kunya da ƙarancin magana.

"Ke ad da ilimi, Auta," ta ce. "Yi yadda anka ce miki."

Lukman ma bai yi musu ba. Mai gyaran injin ban-ruwa ne daga Rabah, yana yawo a kan babur daga fadama zuwa fadama har Goronyo. Ya ce zai jira, ko shekara nawa ne.

Da farko komai ya tafi daidai. Baba ya fara takawa da sanda, lambobin na'urar suka sauka. Sai dai bai cika cin abincin ba. Zai ɗan taɓa tuwon, ya dubi miyar zogalen da ba gishiri ba mai, ya ture kwanon a hankali. Ya rame, rigunansa suka yi masa yawa. Mashkura ta ce wa kanta zai saba.

To, bayan sallar layya sai abu ya juya. Baba ya fara murmurewa, kumatunsa suka ciko, alhali kwanon da take ajiye masa kafin ta tafi makaranta kusan yadda ta bar shi take tarar da shi. Lambobin kuma suka soma hawa. Wata rana da ta dawo ta ga leɓensa yana sheƙi.

"Baba, mi kac ci?"

"Iye?"

"Nic ce mi kac ci bayan hitata?"

Ya dube ta da idanun nan nasa da suka koma kamar na yaro. "Abin da kinka ba ni, Salima."

Salima ƙanwarsa ce, ta rasu tun Mashkura ba ta shiga makaranta ba.

Tun daga ranar ta daina yarda da kowa. Duk kwanon da maƙwabta suka aiko da shi na dubiya sai ta buɗe ta ɗanɗana, ta mayar. Abokan Baba da ke zuwa gaishe shi bayan la'asar, tana leƙensu ta tagar madafa tana duban aljihunansu. Har ƙarƙashin katifarsa ta ɗaga. Ta tambayi Inna ko wani na shigowa da safe.

"Masu gaisuwa ba su ƙarewa," in ji Inna, idonta a kan waken da take tsincewa. "Wa za ni hana?"

Sai ta fara lura da wani abu da ba ta so ta lura da shi ba. Lukman kan shiga ɗakin Baba shi kaɗai ya daɗe. Kuma ta tuna wata magana da ya taɓa yi yana dariya, cewa a riƙa barin tsoho yana ɗan jin daɗin bakinsa. A lokacin ta ɗauke ta wasa. Yanzu maganar ta dawo tana yi mata yawo a kai, tana cikin aji ma sai ta ji ta.

Habi mai tallan nono ce ta ƙarasa abin, ba tare da ta san ta yi ba. Daga wajen Goronyo take zuwa, ta san dangin Inna. Tana auna wa Mashkura kindirmo a ƙofar gida ta ce:

"Amarya, ashe an kusa! Na ga angonki Kagara kwanaki, shina sayen man shanu, mai kyau kuwa, sabon kaɗi. Nic ce lalle shirin biki ya kankama."

Mashkura ta ajiye kwanon a ƙasa.

"Kin tabbata shi na?"

"Haba! Mai jan babur da jikkar ƙarahuna? Wa bai san shi ba?"

Ranar da Lukman ya sake zuwa, ba ta shimfiɗa masa tabarma ba.

"Ka sayi man shanu Kagara, ko ba ka saya ba?"

Ta zuba masa ido. A ranta tana roƙon ya ce ƙarya ne, ya rantse, ya yi fushi ma.

"Na saya," ya ce.

"Wa kab ba?"

"Mashkura..."

"Wa kab ba, Lukman?"

"Ba ni iya hwaɗi. Amana ta. Na saya sau biyu, ban san abin da za a yi da shi ba. Da nig gane, wallahi ban ƙara ba."

"Amana! Amanar wa ta hi ran ubana?"

"Ki yi min uzuri, hasken idona. Ki ba ni lokaci in gyara abin ga ba tare da an ji kunya ba. Don Allah."

Ta yi wata dariya mai ɗaci, hawaye na zubo mata.

"Na gane. Ka gaji da jira. Nic ce sai Baba ya warke, kag ga abin ya ɗau lokaci. In ya ruɗe gaba ɗai, ko ya tahi, ai an huta da jinya, sai a ɗaura aure, ko ba haka ba?"

Lukman ya ja baya kamar ta watsa masa ruwan zafi.

"Ni kika hwaɗa ma haka?"

"Kai nika hwaɗa ma! Kada ka sake shigowa ɗakin Baba. Kada ka sake kawo ko lemu."

Ya sunkuya ya ɗauki jakarsa. A bakin zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Allah shi ba Baba lahiya," ya ce, ya tada babur.

Ta shiga gida tana kuka. Inna na tsaye a tsakar gida riƙe da tsintsiya, fuskarta ta yi fari fat.

"Auta, mi yah hwaru?"

"Na kama shi, Inna. Lukman na."

Inna ta juya ta shige ɗaki, ranar ko tuwo ba ta ci ba. Mashkura ta ɗauka baƙin cikin surukin da ta rasa ne.

Makonni suka wuce. Lukman bai zo ba, bai kira ba. Mashkura ta rame, ta daina kwalliya, tana koyar da yara hankalinta na wani wuri. Abin da take riƙe da shi kawai shi ne, ko ba komai ta ceci mahaifinta.

Amma lambobin ba su sauka ba.

Ta canza wa na'urar batir. Ta kai ta kemis aka gwada da wata, aka ce lafiyarta lau. Ta ƙirga ƙwayoyin maganin, Baba na sha yadda ya kamata. Sai wata Juma'a aka rako shi gida daga bakin kasuwa. Ya fito masallaci ya rasa hanyar gidan da ya gina da hannunsa, yana tsaye yana tambayar mutane ko sun ga wansa Iliyasu, wanda ya yi shekaru a kabari.

Da ta durƙusa tana cire masa takalmi, ta ji ƙamshin nan a gemunsa.

Lukman ba ya zuwa. Maƙwabta sun daina aiko da kwano. To wa ya rage?

Tunanin ya zo mata, ta kore shi da a'uziyya. Ya dawo.

Ranar Litinin ta shirya kamar kullum, ta dafa wa Baba faten wake da alayyafo, ta rufe, ta yi sallama. Ta je makaranta, ta ba yara aiki, ta roƙi hedimasta izini da hantsi. Ba ta hau kabu-kabu har ƙofar gida ba, ta sauka a bakin layi ta ƙarasa da ƙafa. A zaure ta cire takalmanta ta riƙe a hannu.

Ƙamshin ne ya fara tarbar ta. Miyar kuka da ta ji daddawa da kitse da man shanu, irin wadda ta tashi tana ci, irin wadda rabon gidan da ita tun kafin ciwon. Sannan ta ji abin da ya fi ƙamshin girgiza ta. Dariyar Baba.

Ta matsa jikin labule.

Inna na zaune a kan tabarma dab da shi, gwiwarta na taɓa tasa. Tana gutsuro tuwo, ta dangwalo miyar da mai ke yawo a kanta, ta kai masa baki. Shi kuma yana magana, a hankali, harshen na ɗan sarƙewa, amma magana ce mai kan gado.

"...kina ɗauke da ƙwarya, kasuwar Goronyo. Nic ce nawa nono? Kinka ce ba na saidawa ba na. Ƙarya kika yi, Asta!"

"Ci dai, Malam," in ji Inna tana murmushi. "Kai ma ba nono kaz zo saye ba."

"Inna!!"

Kwanon ya kife. Inna ta miƙe a firgice, hannunta sharkaf da miya. Baba ya dubi wannan ya dubi waccan.

Mashkura ba ta so ta yi magana a gabansa. Ta juya ta nufi madafa, Inna ta biyo ta. Can bayan buhunan dawa ta ga 'yar tukunyar da ba ta taɓa lura da ita ba, da kwalbar man shanu, da ƙullin gishiri a tsumma.

"Ke ta, Inna? Dut wahalag ga da nika yi... ke ta?"

Inna ta zauna a kan turmi. Ba ta ɓoye fuska ba.

"Ni ta."

"Kina son ki kashe shi?"

"Ki iya bakinki, Auta. Mijina na tun ba a san za a haihe ki ba."

"To don mi? Kin ji abin da likita tac ce!"

"Ban ji ba. Ke anka ja gehe, ni anka bari bakin ƙohwa da buta." Inna ta dube ta. "Kinka zo kinka amshe tukunya, kinka kulle gishiri ɗakinki kamar ni ɓarauniya ta. Nik kyale. Ina kallo shina ture kwano, shina ƙarewa kamar kara. Wata sahiya nis shiga gaishe shi, yad dube ni, yac ce, baiwar Allah, wa kika biɗa?"

Inna ta dafa ƙirjinta.

"Ni, Auta. Ni yac ce ma baiwar Allah. Rannan nid dahwa mishi miyata. Loma ta ukku yaɗ ɗaga kai yac ce, Asta, ina kinka shiga kwana biyu? To hwaɗa min, in ke ta, mi za ki yi?"

Mashkura ta zame ta zauna a ƙasa. Fushin da ta shigo da shi ya rasa inda zai tsaya.

"Lukman hwa?" ta tambaya da ƙyar.

"Ni nir roƙe shi shi amso min mai wurin 'yan uwana, nic ce na shahwa ga ƙahwa na. Da yag gane, yaz zo har nan yad durƙusa, yac ce Inna ki bari, abin ga na cutar da Baba. Nic ce shi rantse ba shi hwaɗa miki. Yaron ga ya riƙe amana, ni ko nib bari kinka kore shi ina tsaye da tsintsiya. Kullum ina son in hwaɗa, kunya ta hana ni."

Sai a lokacin Inna ta fashe da kuka. Mashkura ta rarrafa ta kifa kai a cinyarta, suka yi ta yi tare, har Baba ya ƙwala kira daga ɗaki yana tambayar wa ya mutu.

Da ranar komawa asibiti ta zo, Mashkura ta riƙo hannun Inna har gaban likita, ta ce yau da ita za a yi magana. Likitar ta saurari labarin duka, ba ta katse su ba. Sannan ta juya ga Inna.

"Mama, ba zan ɓoye miki ba. Gishirin nan da kitsen nan suna tayar masa da jini, jinin kuma yana lalata ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa a hankali. Idan aka ci gaba, ciwon na iya dawowa, kuma ranar da zai manta ki gaba ɗaya za ta matso kusa. Abin da kike gudu shi kike jawowa."

Inna ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta.

"Ke kuma malama," likitar ta dubi Mashkura, "na ce a rage gishiri, ban ce a kashe ɗanɗano ba. Abincin da mara lafiya ya ture ba ya yi masa amfanin komai. Kuma kin bar shi yana ci shi kaɗai. Zama da shi, da hira, da tuna masa da, su ma suna taimakon ƙwaƙwalwa."

"Zai warke, likita?" Mashkura ta tambaya.

"Ba zan yi miki alkawari ba. Abin da ya tafi ba lalle ya dawo duka ba. Amma abin da ya rage, za mu iya ƙoƙarin tsare shi."

A mota, hanyar komawa Wurno, maganar nan ta tsaya wa Mashkura a rai. Ba lalle ya dawo duka ba. Ita kuwa ta jingine rayuwarta, da ta Lukman, a kan ranar da zai warke sarai.

Washegari ta fito da gishirin daga ɗakinta ta ajiye a gaban Inna. Inna ta ɗauki kwalbar man shanun da kanta ta aika wa maƙwabta. Ita da Mashkura suka shiga madafa tare. Inna ta yanka albasa mai yawa da tafarnuwa, ta soya a ɗan man gyaɗa har suka yi ja, ta zuba daddawa da citta, ta ɓare busasshen kifin Goronyo ta wanke shi sosai, ta kawo zogale. Da ta kai hannu ga gishiri sai ta dubi 'yarta. Mashkura ta nuna mata da yatsu biyu. Ta tsunkulo daidai hakan.

Inna ce ta kai masa, ta zauna dab da shi. Baba ya yi loma ɗaya ya ɓata fuska.

"Gishiri tsada shika yi yanzu?"

"Ƙwarai kuwa, Malam. Ci, in ba ka labarin ranar da akuyar Iliyasu tac cinye maka hula."

Ya ci. Yana ƙorafi yana ci, har ya ga ƙasan kwano.

Ba a dare ɗaya abin ya gyaru ba. Akwai ranar da ya ƙi ci sam, ya ce a kawo masa balangu ko ya kai ƙara wurin hakimi. Akwai ranar da ya sake tambayar Iliyasu. Amma lambobin suka fara sauka sannu a hankali, kuma da yamma Inna kan riƙe masa hannu su zagaya tsakar gida, yana lissafa mata sunayen gonakinsa.

Saura Lukman.

Mashkura ta kira shi ya fi a ƙirga kafin ya ɗauka. Tana jin ƙarar inji a bayansa.

"Lukman... Inna ta hwaɗa min komi."

"To, madalla."

"Ka yahe min. Don girman Allah ka yahe min."

Ta ji ya kashe injin.

"Zargin bai dame ni ba, Mashkura. Na sayi man, ina da laihi, kuma da na san yadda za ni yi in hwaɗa miki tun wuri da ya hi. Amma kinka ce ina jiran Baba shi mutu. Mutumen da yab ba ni aikin hwarko da nib buɗe shago, yac ce ma manoma su yarda da ni. Wagga magana ita ta ƙi hita raina."

"Hushi na, wallahi ba har zuci ba..."

"Na sani. Ki ba ni lokaci."

Ya kashe wayar. Ta zauna a bakin rijiya tana share hawaye da gefen hijabi, ba ta san Baba na zaune a inuwar darbejiya yana kallonta ba.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Yaron ga mai inji. Ya kwana biyu bai zo ba. Kun yi hwaɗa?"

Ta gyaɗa kai.

"Yaushe anka ce bikin?"

"Sai ka warke, Baba."

Ya daɗe yana juya sandarsa a ƙasa.

"Ni na san kaina ba daidai shike ba," ya ce a hankali. "Wata rana garau, wata rana kamar hayaƙi. Kada ki jira ni, ɗiyata. Ina son in ba da ke da bakina, tun ina sanin wa nika ba wa. Ki ce shi zo. Ki ce ni nika kira."

Kiran Baba ba abin ƙi ba ne. Lukman ya zo da yamma, cikin farar shadda, ba jaka. Ya daɗe a ɗaki, Mashkura na jiyo muryoyinsu ƙasa-ƙasa. Inna ta shiga da kanta da kwanon tuwo, ta durƙusa a gaban yaron da ya isa ɗanta ta nemi gafara, shi kuma ya rasa inda zai sa kansa don kunya.

Da ya fito, Mashkura na zaure, ta shimfiɗa sabuwar tabarma. Ta kasa ɗaga ido.

"Na ci tuwo da Baba," ya ce.

"Ya... ya kaj ji miyar?"

"Gaskiya kika so?"

"Awo."

"Ta hi wadda kika yi da can nesa ba kusa ba. Waccan ko akuya sai an roƙe ta."

Dariya ta kuɓuce mata a tsakiyar kuka. Ya zauna a gefen tabarmar, ya sassauta murya.

"Na yahe, Mashkurata. Amma ki yi min alkawali guda. Duk randa kika zargina, ki tambaye ni abin da niy yi. Kada ki hwaɗa min abin da ac cikin zuciyata, don ba ki gan shi ba."

"Na yi alkawali, abin ƙaunata."

Aka ɗaura aure bayan girbin gero. Malam Maccido ya ƙi yarda a wakilce shi. Aka zaunar da shi a gaban liman cikin babbar riga, da aka tambaya, ya ce ya bayar, da murya mai ƙarfi har na bayan sahu suka ji. Yayyenta da suka zo daga kudu suka riƙa share ido a ɓoye.

Bayan la'asar motocin Rabah suka iso. Aka kawo amarya lulluɓe ta yi sallama da iyaye. Ta durƙusa a gaban Baba, ta kama hannunsa na dama, wanda har yanzu bai gama ƙarfi ba. Hayaniyar yinin ta gajiyar da shi. Ya dubi lallen hannunta, ya dubi matan da suka cika ɗakin, ta ga idanunsa sun shiga neman abin da suka rasa.

"Ina za ki da yamma haka?"

Inna ta matso za ta yi magana, Mashkura ta girgiza mata kai. Ta ɗaga mayafin ta bar shi ya ga fuskarta sosai.

"Rabah za ni, Baba. Gidan Lukman."

Goshinsa ya tattare, leɓensa na maimaita sunan. Ta riƙe numfashi, tana jin yatsunsa na motsi cikin nata.

Can sai fuskarsa ta saki.

"Awo," ya ce. "Ni nib ba shi."

Ya ɗaga hannun da ƙyar ya ɗora a kanta.

"Tashi ki tahi, Auta. Uwarki na nan."